Koren Katin 'Yata

Shekara talatin da ɗaya na yi ina kiran suna a aji. Ban da ciwon baya da ƙurar alli a maƙogwaro, abu guda aikin ya bar mini: duk wanda ya wuce shekara goma a garinmu bai kai hamsin ba, na san fuskarsa, na san sunan da aka raɗa masa, na kuma san inda ya tsaya a lissafi. Mutum ya tara gemu, ya je Makka, ya dawo da haƙorin zinare, ni dai wanda nake gani shi ne mai laɓewa a bayan na gabansa don kar a tambaye shi bakwai sau takwas.

Ciyaman yana cikin waɗannan. Shi ne shugaban ƙungiyar masu noman rani a sashenmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, kuma a aljihunsa makullin ƙofar ruwa yake, wadda ke sakin ruwa daga babban kanal zuwa ƙananan hanyoyin da ke ratsa gonakinmu. Gonata a ƙarshen layi take. Wanda ke ƙarshen layi, sai kowa ya ƙoshi yake ganin laima. Wani rani, tumatirina yana tsakiyar fure, Ciyaman ya ɗauki ranar ruwana ya ba wani, sati ya zagayo ya sake ba wani. Na taka har bakin ƙofar na same shi da mutanensa, na tuna masa cewa akwai tsari, kuma a rubuce yake.

Ya ce, “Malam, ai ruwa bai yi makaranta ba. Ba ya bin layi.”

Aka yi dariya. Ni ma na murmusa, don tsoho ba ya musu a bakin kanal. Furen ya zube gaba ɗaya. Maganar kuwa na adana ta yadda nake adana takardun jarrabawa, a busasshen wuri, inda gara ba za ta kai ba.

Damina mai bi ce 'yata ta kwanta. Ita ce babba a wajena, tana aure a nan cikin gari, 'ya'yanta uku, sana'arta turara shinkafa. Zazzaɓi ya rufe ta, muka ce na sauro ne da muka saba, muka je kyamis. Aka ba ta maganin maleriya, aka ƙara wani, aka ce ko taifot ne. Ita kuwa cewa take ƙasusuwanta ake karyawa ɗaya bayan ɗaya, kuma wani yana danna mata ido daga ciki. Ranar da na ga jini a dasashinta na ɗauki shatar mota zuwa birni. A can wani likita mai haƙuri ya ce zazzaɓin dengi ne. Sauro ne ke kawo shi, amma ba namu na dare ba. Wani ne mai ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana tsaka, wanda bai damu da kanal ba, ya fi son ruwan randa da durom da tsohuwar taya. Na tuna durom huɗu da 'yata take jiƙa shinkafa a tsakar gidanta.

Ta tashi, alhamdu lillahi. Amma da za a sallame mu likitan ya ja ni gefe. Ya ce ciwon nan kala-kala ne, wanda ya yi ɗaya bai tsira daga sauran ba, kuma na biyu ya kan fi na farko tsanani. Ya ce mu kula. Na dawo gida da wannan maganar, kuma tun daga ranar duk sauron da ya sauka a hannunta sai na ji kamar a idona ya sauka.

Saboda haka da aka ce wasu ma'aikatan lafiya za su zo 'yan garuruwanmu da allurar rigakafin dengi, ni ne na fara isa makaranta, tun kafin a share ajin. Shugabansu likita ne, siriri, ba ya son doguwar gaisuwa. Wadda ke yin aikin a zahiri wata nas ce 'yar Filato, kowa Sista yake ce mata, Hausarta ta fi ta wasu ɗalibaina. Ita ta tsaya gaban allo ta yi bayani, kuma na yaba da darasin.

Ta ce, “Ku saurara da kyau, iyayena. Allurar nan da muka samu ba ta kowa ba ce. Wanda ciwon ya taɓa kamawa, ko ya sani ko bai sani ba, tana kare shi. Wanda bai taɓa yi ba, in aka yi masa, jikinsa zai ɗauka kamar ya yi na farko. To in sauro ya cije shi daga baya, na biyun zai yi, mai tsananin. Shi ya sa sai mun ɗiga jini mun gani tukuna.”

Wani dattijo ya ce, “Wato magani ne ga wani, cuta ga wani?”

Ta ce, “Baba, kai ya kamata ka riƙe allin nan.”

Mu mutanen Kano ba a koya mana tsoron allura, mun daɗe da haddace shi. Amma yadda ta faɗi aibin abin da bakinta, shi ya sa mutane suka miƙa yatsa. Ciyaman bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya iso bayan an gama, daidai lokacin ɗaukar hoto, ya tsaya kusa da likita ya gyara hula.

Sista ta ga rubutuna ta ba ni rajista. Kwana biyu ina zaune ina rubuta suna da lamba, ita tana huda yatsu. Wanda jininsa ya nuna ya taɓa yi, a ba shi koren kati da sunansa a kai. Wanda bai taɓa ba, fari. Katin babu hoto. 'Yata ta samu kore, kamar yadda muka sani. Mijinta fari. Suka ce za su dawo bayan sati biyu da allurar, mai kore ya zo da katinsa. Suka tafi da rajistar, Sista ta bar mini lambar wayarta, ta ce in an samu wata matsala in kira.

A nan sai na yi wa baƙo bayanin yadda kati yake a wajenmu. Mun ga katin taki, mun ga na iri, na gidan sauro, na injin ban ruwa. Ba a taɓa kawo wanda ya ishi kowa ba, kuma ba a taɓa kawo wanda ya faɗa inda ya dace ba. Don haka tun kafin a haifi Ciyaman aka samo dabara: duk katin da ya shigo gari, a tattara shi hannun shugaba, ya raba gida-gida, don kar wani gida ya kwashe biyar wani ya tashi babu. Sunan da ke kan kati na wanda ke riƙe da shi ne a ranar. Na ga dattijo mai furfura ya amsa sunan jikansa a layin taki, babu wanda ya ɗaga kai. Ba ma kiran wannan ha'inci. Zaman lafiya muke ce masa, kuma a kan buhun taki bai taɓa kashe kowa ba.

Koren kati kuwa ya faɗo yadda sauro ya ga dama. Unguwar masu turara shinkafa, inda durom ya yi yawa, wani gidan har shida. Gidajen manya na bakin titi, yawanci fari. Gidan Ciyaman fari fat, daga shi har matarsa. Aka fara gunaguni a majalisa cewa baƙi sun zo sun yi son kai. Bayan sati guda mai shela ya zaga gari: duk mai koren kati ya kai wa Ciyaman, za a tsara layi.

Ni ina gona ban ji ba. Da la'asar 'yata ta shigo, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, “Baba, katina ya tafi.”

“Ya tafi ina? Ƙafa gare shi?”

“Baban yara ya kai wa Ciyaman da safe. Yanzu an dawo mana da ɗaya, wai kowane gida ɗaya. Sunan namiji ne a kai, aka ce na maigida ne.”

Mijin nata mutumin kirki ne, amma a aji ma in an ce a miƙo littafi shi ne na farko, ko bai rubuta komai ba.

Na sa hula na nufi gidan Ciyaman. Allah ya sani da niyyar bayani na fita. Har na tsara shi a hanya kashi uku, kamar darasin aji huɗu. Na same shi a ƙofar gida kan benci, mutum biyar kewaye da shi, a bayansa tulin tsofaffin tayoyin tarakta da ruwan wanke-wanke ya kwanta a ciki.

“A'a, Hedimasta da kansa! Ku ba shi wuri. Malam, ba dai ruwa ba? Jibi ne naka.”

Na ce, “Katin 'yata na zo karɓa.”

“Ai an ba gidansu.”

“An ba mijinta. Nata nake nufi, mai sunanta.”

Ya juya ga mutanensa. “Kun ji ko? Malam so yake gidan surukinsa su sha biyu, marayu su sha iska. Malam, kai da ka koya mana rabawa? In ka raba alewa arba'in ga yara arba'in, nawa kowa zai samu?”

“Kai ba ka taɓa cin wannan tambayar ba.”

Aka yi dariya, wannan karon ba tasa ba. Fuskarsa ta canza. Ya ce, “To yau na ci. Ni nake rabo a garin nan, ba alli ba. Ka je ka yi ta rubutunka mai kyau, ranar allura ka kira suna, mu kuma mu amsa.”

Bayanin yana bakina. Kalma goma ta isa: allurar nan za ta cuci wanda bai taɓa ciwon ba. Ciyaman ba mugu ba ne irin na tatsuniya. Da ya ji, da ya tsorata, da kafin magariba ya aika an mayar wa kowa nasa, ya kuma ce shi ya gano kuskuren. Wannan na ƙarshen shi ya tsaya mini a wuya. Na dube shi, na dubi tayoyin, na tuna furen tumatir a ƙasa kamar an watsa gero. Ya ce in kira suna su amsa. Na haɗiye darasina, na ce, “Allah ya kai mu,” na juya.

Kwana shida suka rage. Ban taɓa jin daɗin jira irin na waɗannan kwanakin ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na ji nauyi ba. Lissafina a tsare yake. Babu allurar da za ta shiga hannun kowa sai na kira suna, kuma babu fuskar da za ta wuce ni. Ba wanda zai cutu. Zan bari a taru, dagaci ya zauna, likita ya zauna, sannan in buɗe abin a gaban kowa. A karɓe katunan, a mayar wa masu su, a yi wa 'yata allurarta, Ciyaman kuma ya koma gida da hularsa a hannu. Har kalmomin na zaɓa. Ina ban ruwa ina gyara su.

Mai ɗakina ta lura ina cin tuwo fiye da kullum.

Ta ce, “Malam, ba matar nan ta ba ka lambarta ba?”

“Ta ba ni.”

“To ka kira ta mana.”

“Ba a damun ma'aikaci da ƙaramar magana.”

“Ƙaramar magana ce ta sa kake murmushi kai kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir?”

'Yata ma ta zo sau biyu. Na biyun ta ce, “Baba, ni ba ruwana da rigimarku. Na san abin da na ji a ƙashina. Ka ce za a yi mini?”

Na ce, “Ke ce ta farko. Ubanki ne ke riƙe da rajista.”

Ranar ta zo. Aka fito da bencuna ƙarƙashin darbejiyar makaranta, mata gefe, maza gefe. Dagaci ya zo da kujerarsa. Motar ma'aikatan ta iso da hantsi, aka sauke akwatunan sanyi guda biyu, Sista tana ta faɗa kar a ajiye su a rana, don allurar ba ta jure zafi kuma ƙanƙarar ciki tana da iyakarta. Ciyaman ya sa babbar riga, ya yi jawabin maraba, ya gode wa baƙi, ya ce shi da kansa ya tsaya ya ga an yi adalci a rabon kati. Likita ya ɗan ɗaga gira, amma ya ɗauka salon magana ne. Ni kuwa na gode wa Allah da ya sa ya faɗa da bakinsa.

Sista ta miƙo mini rajista. Ban fara daga sama ba. Na buɗe shafi na uku, na gyara tabarau, na kira sunan 'yata da muryar da nake kiran suna ranar Litinin.

'Yata tana zaune can baya, hannunta babu komai. Ta motsa za ta tashi. Kafin ta miƙe, daga layin gaba wata mace ta ce, “Na'am,” ta taso da koren kati a hannu.

Matar Ciyaman ce.

Wallahi ban san a hannunta katin yake ba. Na yi zaton zan sha wahalar bin mutum goma kafin in kai gidansa. Na taɓa karanta cewa mafarauci ya kan yi wata yana bin sawu, sannan wata safiya ya buɗe ƙofa ya tarar da naman a tsaye. Na bar ta ta iso har gaban tebur, ta naɗe hannun hijabi. Ita ma ɗalibata ce, mai natsuwa, ba ta da laifin komai sai na amsa abin da mijinta ya ce ta amsa.

Na ce, “Sannu, 'yata. Yaushe na haife ki?”

Na ɗaga murya don na baya su ji.

“Na tambaya ne don ban tuna ba. Wannan sunan ni na raɗa shi, na yanka rago a kansa. Wadda na ba tana can baya. Ke kuma ga naki sunan a shafi na biyar, da rubutuna, kuma fari aka ba ki.”

Ta rufe fuska. Sista ta karɓi katin ta duba, ta dube ni. “Baba, me ke faruwa?”

Na miƙe tsaye, na fuskanci dagaci. “Ranka ya daɗe, Ciyaman ya tattara katunan nan ya raba su kamar taki. Kowane gida ɗaya, gidansa ban san nawa ba. Duk mai riƙe da kore a nan, sai an tambaya ko nasa ne. Baiwar Allahn nan ta gaya mana tun ranar farko cewa wanda bai taɓa ciwon ba, allurar cutarsa za ta yi. Shugabanmu bai ji ba, yana gyara hula. Yau da ban zauna a nan ba, da matarsa ya fara miƙawa.” Sannan na juya gare shi, na ba shi abin da na adana masa shekara biyu. “Ciyaman, ka ce ruwa bai yi makaranta ba. To jini ya yi. Ya san sunan mai shi.”

Na ga gumi ya tsattsafo ƙarƙashin hular. Na ga mutanen bencinsa suna duban takalmansu. Idan aka ce in zaɓi minti ɗaya daga rayuwata a maimaita mini, ina jin kunyar faɗa, amma ba ranar aurena zan zaɓa ba.

Minti ɗayan ke nan. Abin da ya biyo baya ba ya cikin lissafina.

Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, “Au, ashe allurar tana cutarwa?” Maganar ta bi layin mata kamar wuta a tattaka. Waɗanda suka ji bayanin Sista da kunnensu sati biyu da suka wuce, suka ji shi yanzu sabo, da rabinsa kawai. Mata suka fara jan 'ya'yansu. Wasu suka jefar da katin a ƙasa. Waɗanda aka karɓe wa nasu suka taso suna neman masu riƙe da shi, aka fara cacar baki tsakanin maƙwabta. Ciyaman ya samu murya, ya ce ai Malam ne ya rubuta rajistar, wa ya san abin da ya rubuta, 'yarsa kawai yake yi wa yaƙi. Dagaci yana ɗaga hannu babu mai kallonsa.

Na matsa wajen likita na ce, “Likita, abin mai sauƙi ne. Na san kowa a nan. In kira suna, in nuna maka mai shi, a yi masa.”

Ya ce, “Malam, ba zan soka wa mutum allurar nan a kan shaidar ido ɗaya ba, ko idon waye. Balle ga shi ana cewa kana da naka a ciki. Sai an sake gwada jini.”

“To a gwada. Ga yatsu nan.”

“Ba mu zo da kayan gwaji ba. Allura muka zo yi.” Ya cire tabarau ya dube ni. “Yaushe ka san an yi wannan?”

Ƙarya ba ta cikin abin da na koyar. Na ce, “Kwana shida.”

Sista ta ajiye audugar da ke hannunta. “Baba, ba na ba ka lambata ba? Da ka kira, da mun taho da abin gwajin, mu yi a nan take, kowa ya ga nasa. Kwana shida, Baba?”

Na rufe rajistar.

Na ce ko 'yata kaɗai a yi wa, tana da takardar asibitin birni. Likita ya ce in ya yi wa 'yar mai rajista ita kaɗai a gaban wannan taron, babu ma'aikacin lafiyar da zai sake shiga garin nan lafiya. Ya ce ƙanƙara ba za ta jira mu gama shari'a ba, akwai garin gaba da ke jiransu. Aka mayar da akwatunan mota ba a buɗe ko ɗaya ba. Ya ce za su rubuta rahoto, su nemi sabbin kayan gwaji, su dawo in an amince. Na san irin wannan jimlar. Na sha rubuta wa iyaye ita.

A satin dagaci ya tara manoma, aka karɓe makullin ƙofar ruwa daga hannun Ciyaman aka ba wani. Har yau Ciyaman ake ce masa, amma yadda ake ce wa tsohon soja Kofur. Matarsa ta yi wata guda a gidansu. Yara, da ba a rasa su da rashin kunya, in ya wuce sai wani ya kira sunan mace, sauran su ce na'am. Ban hana su ba. Na yi ritaya. Ranar ruwana ba ta sake motsi ba. Tumatirina na ranin nan sai da masu mota daga Kadawa suka tsaya kallo. In muka haɗu a hanya ya gaishe ni, na kan tsaya in amsa a tsanake, in tambayi gida, in tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, in tambayi jikin maiɗakinsa, yana tsaye a rana yana cewa lafiya lau.

Ma'aikatan ba su dawo ba. Na kira Sista sau da yawa, lambar da ban kira ba lokacin da take da amfani. Tana ɗauka, tana gaishe ni da ladabi. Ta ce yanzu ana maganar wata allurar dabam wadda ba sai an gwada jini ba, amma an fi nufin yara da ita, kuma ba ta san yaushe ba, ba ta san ko garinmu yana ciki ba. Ta ce kafin nan a rufe randa, a kifar da abin da ba a amfani da shi.

To shi nake yi. Da damina ta sauka, kullum bayan na karya sai in tafi gidan 'yata. In leƙa durom huɗun nan, wanda ruwansa ya kwana biyu in sa a zubar, in goge bakinsa, in rufe da buhu in ɗaure. In zaga bayan ɗaki in kifar da gwangwani da fasasshen bokiti. Maƙwabta sun saba ganin tsohon hedimasta a sunkuye yana leƙen kaskon kaji. Tayoyin ƙofar gidan Ciyaman kuwa na kai ƙara wajen dagaci har sai da aka sa shi ya kwashe su da hannunsa, kuma na je na tsaya na ga an yi.

Tsakiyar daminar zazzaɓi ya kama ta. Ban tsaya kyamis ba, na sa ta a mota. Tun daga Kura har birni ina duban bakinta duk sanda ta yi magana, ina neman jini. Aka gwada, aka ce maleriya ce. Ban taɓa zaton zan yi wa maleriya hamdala ba.

A hanyar dawowa ta jingina da taga har muka wuce gonakin shinkafa na farko. Tun ranar makaranta ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Sai ta buɗe jakarta ta zaro koren katin. Sista ce ta miƙa mata shi a ranar, kafin su shiga mota. Gefensa ya ɗan lanƙwashe inda matar Ciyaman ta riƙe.

Ta ce, “Ungo, Baba.”

“Ki ajiye abinki. Za su dawo.”

“In sun dawo sai sun sake huda ni, ba ka ji likita ba? Wannan ya gama aiki.” Ta ɗora mini shi a gwiwa. “Kai ka ajiye. Kai ya yi wa amfani.”

Na karɓa. Yana cikin ƙamus ɗina, inda nake ajiye takardun da ba na so su ɓata. Wani lokaci ina neman kalma sai in ci karo da shi, sunanta da rubutuna, in tuna fuskar Ciyaman ƙarƙashin hula, daɗin ya taso mini sabo kamar jiya. Sai in rufe littafin, in ɗauki sandata, in tafi duba durom.